Zuwa ga Edita: Baƙar Ford mai lamba 2 da hannayen da suka dawo da ita

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon a ba ni ɗan fili. Shafin wasanninku ƙwallo ne sama da ƙasa, sai dambe jefi-jefi, ni ban ce laifi ba ne tunda shi jama'a suka fi so, amma akwai mu 'yan sana'ar mota, makanikai da masu walda da masu fenti da masu wayarin, da yaranmu da ke koyon aiki a gareji, muma fa muna sayen jarida muna karantawa a waya, kuma akwai wasan da ya shafe mu kai tsaye wato tseren mota. Yau labarin mota ɗaya tak nake so in kawo, Ford GT40 mai lambar shasi P/1046, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1966, daga baya ta wulaƙanta, sannan aka zo aka farfaɗo da ita. Yadda aka farfaɗo da itan nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Asalin abin rigima ce tsakanin manya. A 1963 Henry Ford II, shugaban kamfanin Ford na Amurka, ya nemi sayen kamfanin Ferrari na Italiya, ciniki ya yi nisa har an kusa sa hannu sai Enzo Ferrari ya ce ya fasa, don ya gane ikon harkar tsere zai fita daga hannunsa. Ford ya ji zafi ƙwarai, ya ce to a je a kayar da shi a inda ya fi tinƙaho. Lokacin kuwa Le Mans kamar gidan Ferrari ne, tun daga 1960 har 1965 babu wanda ya karɓe kofin daga hannunsu. Aka ƙera GT40 a Ingila, 40 ɗin nan kuma tsayinta ne daga ƙasa zuwa rufi, inci 40, wato mita ɗaya da ɗan kaɗan, har sai da aka yanko ƙofofin suka shiga cikin rufi don direba ya samu hanyar shiga.

Kuɗi dai Ford na da su amma shekara biyu a jere suka sha kunya, 1964 da 1965 ko mota ɗaya tasu ba ta kai ƙarshen tseren ba, wata giya ta watse wata inji ya ɗau zafi. Duk bakanike ya san gudu daban, juriya daban. Zagaye ɗaya na Le Mans a wancan zamani ya ɗara kilomita 13, a ciki akwai miƙaƙƙen titin Mulsanne mai kusan kilomita 6 inda motocin nan ke wuce kilomita 320 a awa, suna kaiwa ƙarshensa kuma sai kwana mai tsanani da dole a taka burki a dawo kamar ana tafiya cikin gari, kuma haka za a yi ta yi dare da rana har awa 24. Ka duba abin da faifan burki zai sha. Shi ya sa mutumin da ni na fi girmamawa a labarin nan ba direba ba ne, Phil Remington ne, babban maƙerin tawagar Carroll Shelby da ke kula wa Ford da motocin tseren, wanda ya tsara yadda za a cire faifan burki da ya ƙone a sa sabo cikin ɗan lokaci in mota ta shigo shan mai. Injin kuwa V8 ne mai lita 7, mutanen Ford sun ɗora shi kan na'urar gwaji a Amurka suka yi ta kwaikwayon zagayen Le Mans da shi, a ba shi wuta a sauke a canja giya, sa'o'i a jere, in wani abu ya karye a kwance a ga dalili a gyara a sake.

Ranar 18 ga Yuni 1966, ƙarfe 4 na yamma, Henry Ford II da kansa ya kaɗa tutar farawa. Mota 55 suka tashi, 15 kacal suka kai washegari. Ford ta shigo da GT40 samfurin Mk II guda 8. P/1046 baƙa ce wuluk da ratsin ruwan azurfa, lamba 2 a jikinta, launin ƙasar direbobinta ne Bruce McLaren da Chris Amon, dukkansu 'yan New Zealand. Tun farko suka shiga matsala, tayar Firestone da McLaren ke da yarjejeniya da kamfaninta ta fara ɓarewa a kan Mulsanne, dole suka koma Goodyear suka yi asarar lokaci, daga nan kuma suka dinga bin sahu suna cimma na gaba sannu a hankali. Cikin dare manyan Ferrari suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Dan Gurney da ya fi kowa gudu a tasa Ford ɗin shi ma bai gama ba.

Ƙarshen tseren har yau ana musu a kai. Ken Miles da Denny Hulme a mota lamba 1 su ke gaba, sai manyan Ford suka ce a rage gudu motocinsu uku su ƙetare layi tare don hoto. Miles ya bi umarni ya jira. Masu shirya tsere kuma suka ce ai lamba 2 ta tashi ne daga baya da kimanin mita 8 a jerin farawa, don haka ita ta fi cin nisa, aka ba McLaren da Amon kofi, zagaye 360, sama da kilomita 4,800. Miles a shekarar ya riga ya ci manyan tseren juriya biyu na Amurka, Daytona da Sebring, da ya samu wannan da ya haɗa uku reras. Wata biyu bayan nan, a Agusta, ya rasu yana gwajin wata sabuwar motar Ford a filin tsere na Riverside a Amurka. Ni a ganina ba a kyauta masa ba, mutumin da ya yi wahalar gwada motar nan tun tana ɗanya. Amma wannan laifin masu ba da umarni ne, ita baƙar mota da direbobinta sun yi awa 24 ɗinsu cif ba wanda ya ɗauke musu ko zagaye ɗaya.

To Malam Edita za ka ɗauka motar da ta yi wannan aiki sai a kai ta gidan tarihi a lulluɓe. Ina! A lokacin motar tsere kayan aiki ce kawai, ta bara ta tsufa. Aka mayar da ita motar gwaji, aka miƙa ta ga Holman & Moody, wata tawagar tsere da ke yi wa Ford aiki, suka canja mata abubuwa da dama zuwa sabon tsarin da ake kira Mk IIB, ta shiga Daytona a 1967 ba ta gama ba, ranar ma Ferrari ce ta rama ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. Daga nan ta fara yawo hannu zuwa hannu, har an so a mayar da ita motar shaƙatawa ta hawa titi, aka kwance ta, ta ƙare a cikin akwatin katako a Beljiyam. Can George Stauffer, wani Ba'amurke daga Wisconsin, ya gano ta a 1983, ya haɗa ta ya yi shekaru yana shiga tseren tsofaffin motoci da ita. Allah ya sa ya san abin da ya samu.

A 2014 ta koma hannun Rob Kauffman, shi kuma ya kai ta garejin Rare Drive na Mark Allin a New Hampshire, da sharaɗi ɗaya mai wuya: a dawo da ita yadda take ranar da ta tashi a Le Mans a 1966. Ba yadda ta fito daga masana'anta ba, ba yadda ta koma a 1967 ba, ba kuma yadda mai ita zai so ta yi ƙyalli ba. Aikin ya ci kusan shekara biyu.

Wanda ba ya sana'ar zai ce menene abin wuya a ciki, ai kwance mota ne a wanke a yi fenti. Wallahi gyara mota ta fi sabuwa kyau ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shasin GT40 falanken ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka yi wa walda, tankunan mai kuma suna cikin gefe biyu ƙarƙashin ƙofofi, wurin da tsatsa ke son ɓuya. Mai gaggawa zai yanke duk inda bai yi masa ba ya liƙa sabon ƙarfe, kafin ka ankara rabin motar ba ita ba ce. Mai hankali kuwa sai ya tsaya kan kowane yanki ya tambayi kansa, wannan na 1966 ne ko wani ne ya ƙara daga baya? In na asali ne ko ya lotsa a bar shi a yi masa magani, in ba na asali ba ne a cire ko da ya fi kyau. Kuma ta ina za ka sani? Sai tsofaffin hotuna da takardun tawaga da ramukan da aka toshe a jikin shasi, rami ɗaya da aka cike da walda zai iya gaya maka inda wani bututu ya bi shekara 50 da suka wuce. Noti da kusa ma akwai irin na zamanin, tambarin da ke kansu daban ne, wayoyin wuta da tiyo da maɗaurinsu duk haka. Motocin tseren lokacin da hannu aka haɗa su cikin gaggawa, makanikai na kwana a kansu, waldar ba ta miƙe sumul ba, fentin ba na ɗakin baje koli ba ne, kuma mota takwas ɗin nan kowace da 'yan bambance-bambancenta don kowane direba da yadda yake so. Mai gyara na gaskiya dole ya danne hannunsa, ya iya aikin da ya fi wancan tsafta amma ya ƙi yi. Wannan kamun kai ni shi ne ya burge ni fiye da komai, don duk mai sana'a yana son a ga gwanintarsa, a nan kuwa gwanintar ita ce kar a ga hannunka ko kaɗan.

A 2016, shekara 50 cif da nasarar, aka kai ta Le Mans ta sake ganin filinta, a watan Agusta kuma ta ci na ɗaya a rukuninta a bikin baje motoci na Pebble Beach a Kalifoniya. McLaren bai ga wannan ba, tun 1970 ya rasu yana gwajin mota a filin tsere na Goodwood a Ingila, amma sunansa na nan kan tawagar tseren da ya kafa. Chris Amon kuma a farkon watan Agustan 2016 ɗin nan ya rasu.

Akwai masu cewa tunda an kashe mata wannan wahala kuma kuɗinta ya kai miliyoyin daloli to kar a sake kunna ta, a ajiye kawai. Na fahimci tsoronsu, haɗari ɗaya zai iya cinye ƙarfen da ba a sake samun irinsa. Amma ban yarda a kashe ta gaba ɗaya ba. Inji in ya daɗe a zaune roba na bushewa, mai na daskarewa, kuma yaro mai koyo ba zai taɓa gane abin da su Remington suka yi ba sai ya ji ƙarar V8 ɗin nan da kunnensa. A tuƙa ta da hankali a wuraren da aka tanada, hannun wanda ya san darajarta.

Abin da ya sa labarin ke sosa min rai shi ne abin da nake gani a nan gida. Mu ba mu da GT40, amma muna da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗa motocin kamfaninta a Kaduna a 1975, kuma mutane da yawa da suka hau ta zuwa Kano ko Jos ba su san tana da tarihin tsere ba. A 1975 ɗin nan 504 ce ta ci Safari Rally a Kenya a hannun Ove Andersson, a 1978 kuma samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6 ya sake ci a hannun Jean-Pierre Nicolas. Yau ga su nan ana sare su da gatari ana auna wa a kilo a matsayin gwangwan. Waɗanda suka tsira kuma in an tashi gyarawa sai a lafta musu foti mai kauri, a cire injin asali a jefa na wata mota, a canja fitilu da kujeru da sitiyari, a jefar da na asalin a bola. Ba rashin iyawa ba ne, na ga falambita a Panteka da ke miƙe ƙarfe da guduma har ka rasa inda ya lotsa, na ga masu kafireto da ke saita inji da kunne kawai. Abin da ya rage mana shi ne mai mota da mai gyara su san cewa asalin abu yana da daraja, kuma a biya mai aiki kuɗin haƙurinsa, don irin wannan aiki ba na sati ɗaya ba ne.

Don haka roƙona gare ka Malam Edita guda biyu ne. Ku ware ko rabin shafi ne a wata don tseren mota da tarihin motoci, da Hausa, yadda yaran gareji za su karanta su gane. Sannan ku tura wakilanku wurin dattawan da suka yi aiki a masana'antar Kaduna da tsofaffin makanikan 504 da 404 tun suna raye, a ɗau bayaninsu da hotunan motocin da suka rage da lambobin shasinsu. Ga 'yan uwana masu sana'a kuma, in an kawo muku tsohuwar mota gyara, duk abin da kuka cire na asali dan Allah ku zuba a kwali ku rubuta sunan motar ku miƙa wa mai ita.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani bakanike mai karanta ku daga Kaduna