Tsaron Wi-Fi da Gudunsa: Ina Nauyin Yake?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi gyara kan wata magana da ta zauna a bakin masu haɗa intanet a gidaje da ofisoshi: wai kalmar sirri da kulle bayanai su ne ke cinye wa Wi-Fi gudu, don haka mai son gudu sai ya bar nasa a buɗe, ko ya koma tsohon tsari wanda "bai da nauyi". Gaskiya ne akwai matakan tsaro da ke rage gudu, wasu ma sosai. Sai dai ba inda ake nuna yatsa ba ne, kuma wanda ya bi waccan shawara yakan yi asarar tsaron da gudun gaba ɗaya.

Mu fara da kullen kansa. Tsarin WPA2, wanda ya fito a 2004, yana rufe kowane ƙunshin bayani, wato ɗan guntun saƙon da ake aikawa a lokaci guda, da dabarar kullewa mai suna AES, kuma abin da yake ƙara wa ƙunshin bayit 16 ne kawai: 8 na ɓangaren da ke ɗauke da lambar jeri, 8 na hatimin da ke tabbatar da ba a taɓa saƙon a hanya ba. Cikakken ƙunshi yakan kai bayit 1500, to ƙarin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba sai da ɗan abin da ba a rasa ba. Aikin kullewa da buɗewa kuwa guntun lantarkin da ke cikin rediyon na'urar ne ke yinsa, ba babbar ƙwaƙwalwar rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ko ta waya ba, shi ya sa ba a jin nauyinsa. Tsawon kalmar sirri ma ba ruwansa da gudu. Ko haruffa 8 ne ko 63, ana sarrafa su ne su zama mabuɗi ɗaya mai bit 256, kuma daga shi ake fitar da mabuɗan aiki. Mai gajarta kalmar sirrinsa don neman gudu ya sauƙaƙa wa ɓarawo ne kawai.

Inda gudu ke zubewa da gaske shi ne tsofaffin tsare-tsare. WEP, wanda aka karya tsaronsa tun 2001, da TKIP wanda ya zo da WPA na farko a 2003, dukansu a kan tsohuwar dabarar kullewa ta RC4 aka gina su. Da ƙa'idar Wi-Fi ta 802.11n ta fito a 2009, sai ta hana amfani da manyan matakan gudunta tare da waɗannan biyun. Ma'ana, ka sayi rauta da kwalinsa ya ce megabit 300 ko 1200, ka zaɓi TKIP a saiti, nan take na'urar ta koma iyakar megabit 54 a daƙiƙa, irin ta zamanin tsohuwar ƙa'idar 802.11g. Kuma 54 ɗin nan a takarda ne. Abin da ke isa hannun mai amfani yakan tsaya wajen 20 zuwa 25. Wato raunin tsaro ne ya jawo tafiyar hawainiyar, ba ƙarfinsa ba. Masu zaɓen tsarin gauraye, wanda ake rubuta WPA/WPA2, su ma ba su tsira gaba ɗaya ba, domin saƙonnin da ake aika wa kowa da kowa a lokaci guda dole su bi mabuɗin da mafi tsufan na'ura ke iya buɗewa. TKIP yana da wata ɗabi'a kuma: in ya ga hatimi biyu sun lalace cikin daƙiƙa 60, sai ya ɗauka hari ne, ya dakatar da sadarwa na tsawon daƙiƙa 60. Wanda Wi-Fi ɗinsa ke ɗaukewa na minti guda ya dawo da kansa, ya fara duba nan. Maganin bai wuce shiga saitin tsaro a zaɓi WPA2 da AES kaɗai ba, ko WPA3 in na'urori sun iya.

Wuri na biyu shi ne lokacin shiga. A gida, waya da rauta suna musabaha ta saƙonni huɗu, su gama kafin ƙiftawar ido. A manyan ma'aikatu, inda kowa ke da sunansa da kalmarsa ta tsarin 802.1X, sai an yi ta kai da komo da uwar garken RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga, a duba takardar shaida, a kafa rufaffiyar hanya, sannan a zo kan musabahar. In uwar garken tana nesa, abin yakan ci ɗaruruwan milisakan, wani lokaci ya kusa daƙiƙa guda. Ga mai zaune wuri ɗaya wannan ba komai ba ne, sau ɗaya zai yi. Amma ma'aikacin da ke tafe yana magana ta intanet, yana fita daga inuwar wata na'urar watsa Wi-Fi yana shiga ta wata, duk sauyi sai an maimaita masa wannan tantancewa, murya ta yanke. Masu wannan aiki sukan so sauyin ya tsaya ƙasa da milisakan 50. Abin da aka tanada shi ne 802.11r, wanda ya fito a 2008: yana raba wa na'urorin watsawa mabuɗi tun kafin waya ta iso, sai a tsallake komawa uwar garke. A kunna shi, amma a gwada tukuna, don wasu tsofaffin injinan buga takardu da na karanta lambar kaya sukan ƙi shiga sam idan suka gan shi.

WPA3, na 2018, ya sauya yadda ake tantance kalmar sirri, ta yadda wanda ya naɗi musabaha daga iska ba zai koma gida ya yi ta gwada kalmomi a kanta ba. Lissafin da ya ƙaru a lokacin shiga ne kawai. Bayan an shiga, gudu ɗaya ne da WPA2. Ya kuma wajabta kare saƙonnin gudanarwa, abin da ake kira 802.11w, wanda ke hana wani aiko da saƙon ƙarya na "fita" ya kori mutane daga layi. Matsalarsa ta jituwa ce. Tsohuwar kyamara ko ƙwan lantarki mai Wi-Fi zai yi ta ƙoƙarin shiga yana faɗuwa, mai gida ya ce intanet ba kyau. A irin wannan hali a sa kariyar a matsayin "na zaɓi" a zangon gigahaz 2.4, a wajabta ta a zangunan da ke sama. Zangon gigahaz 6 kuwa ba ya karɓar WPA2 ko kaɗan.

Yanzu ga abin da muka fi son masu karatu su riƙe, don shi ne ɓarnar da aka fi yi da sunan tsaro. Domin raba baƙi da ma'aikata, da kyamarori, da shugabanni, sai ka ga an buɗe wa kowane rukuni sunan Wi-Fi nasa. Niyyar mai kyau ce, amma iska tana biyan kuɗinta. A layi ɗaya na rediyo, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda, sauran su saurara, kamar zaman sulhu. Kowane suna kuma sai na'urar watsawa ta yi shelarsa duk bayan milisakan 102.4, wato kusan sau 10 a daƙiƙa, ko da ba wanda ya shiga ta sunan. Shelar nan ana yinta ne da mafi ƙanƙantar gudu don na nesa ya ji, kuma a zangon 2.4 wannan gudun megabit 1 ne. Mu yi lissafi. Shela mai bayit 300 ta zama bit 2400, wato milisakan 2.4, a haɗa da share fagen da ke gabanta ta kai wajen 2.6. Sau 10 a daƙiƙa, suna ɗaya ya ci kusan kashi 2.5 cikin 100 na lokacin iska. Suna huɗu, kashi 10. In akwai na'urorin watsawa uku a layi ɗaya da ke jin juna, abin da ba wuya a zangon da layuka uku kawai ne ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, to kashi 30 ya tafi kafin kowa ya buɗe shafi ɗaya.

Gyaran iri biyu ne. A rage sunaye zuwa biyu ko uku, a bar rarrabewar ga ɓangaren kebul: uwar garken RADIUS tana iya jefa kowane mutum cikin keɓantaccen sashensa, abin da ake kira VLAN, alhali kowa ta suna ɗaya ya shigo. Sannan a ɗaga mafi ƙanƙantar gudu daga megabit 1 zuwa 12. Da haka shela ɗaya ta koma wajen milisakan 0.22, kashi 30 ɗin nan ya sauko ƙasa da 3. Abin da za a rasa shi ne tsofaffin na'urorin 802.11b, waɗanda iyakarsu 11, da ɗan gefen da siginar ke kaiwa da ƙyar. A ganinmu cinikin ya yi riba.

Ɓoye sunan Wi-Fi da tace lambar na'ura, wato barin na'urorin da aka rubuta lambarsu kaɗai su shiga, ba sai mun daɗe a kansu ba. Ɓoyayyen suna bai hana shela, yana dai sa waya ta riƙa kiran sunan duk inda ta je, shiga ya ƙara jinkiri. Lambar na'ura kuwa a fili take tafiya a iska, kwaikwayonta ba wuya, kuma tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar lambar wucin gadi, sai mai tacewa ya wayi gari ya kulle mutanensa a waje. Abin da ya cancanci kashewa shi ne lambar WPS mai alƙaluma 8, ta shiga ba tare da kalmar sirri ba, wadda aka nuna tun 2011 cewa gwaji 11,000 ya isa a gano ta. Kashe ta ba ya rage ko megabit ɗaya.

Akwai kuma nauyin da ba na rediyo ba ne, amma Wi-Fi ake ɗora wa laifinsa. Rauta da yawa suna da gajeriyar hanya da ke wuce da ƙunshi ba tare da ya bi ta babbar ƙwaƙwalwa ba. Da zarar an kunna binciken cikin ƙunshi, ko tace shafuka, ko gano kutse, a yawancinsu wannan hanya takan rufe, komai ya koma kan ƙaramar ƙwaƙwalwa. Haka VPN, wato rufaffiyar hanyar da ake bi da bayanai ta cikin intanet, in an ɗora shi a kan rauta mai araha: kullensa ba guntun rediyo ke yi ba, don haka layin da ke ba da ɗaruruwan megabit sai ya faɗo zuwa gomomi, musamman da nau'in VPN na OpenVPN. Nau'in WireGuard ya fi sauƙin ɗauka. Alamar wannan ciwo ita ce ko da kebul ka haɗa kwamfuta, gudun bai ƙaru ba, kuma shafin rauta yana nuna ƙwaƙwalwa ta kusa cika. VPN yana da wani tarko: yana naɗe ƙunshi cikin wani ƙunshi. WireGuard yana ƙara bayit 60, ko 80 a kan sabon tsarin adireshi na IPv6, shi ya sa girman ƙunshinsa na asali 1420 ne. In layin intanet ɗin na PPPoE ne, tsarin shiga da wasu kamfanonin intanet ke amfani da shi, wanda iyakarsa 1492, lissafin yana iya ƙin cika, sai wasu shafuka su buɗe, wasu su tsaya cak a rabi. A Windows, umarnin ping -f -l 1472 zai nuna ko bayit 1500 na wucewa ba a tsaga shi ba. In bai wuce ba, a yi ta rage lambar har ya wuce, a ƙara 28, a samu girman gaske. A ofisoshi kuma, na'urar watsawa da aka ɗora wa farautar baƙin na'urori takan bar layinta na ɗan lokaci ta leƙa sauran. Mai buɗe shafuka ba zai ji ba, mai kiran murya zai ji. In da hali a ware wa farautar rediyo nata.

Shi kuwa wanda ya cire kalmar sirri, ga abin da ke biyo baya. Duk wayar da ke wucewa za ta maƙale, kuma na nesa ne suka fi ɓarna, don mai rauniyar sigina yana magana da ƙaramin gudu. Ƙunshi mai bayit 1500 a megabit 6 yana riƙe iska milisakan 2. A megabit 300 bai kai rabin kashi goma na milisakan ɗaya ba, ban da share fage. Baƙo ɗaya daga bayan katanga yana iya cinye lokacin da mutum da yawa na cikin ɗaki za su raba.

Kafin a yanke wa kowane mataki hukunci, a auna, kuma kada a auna da shafukan gwajin gudun intanet, domin su layin waje suke aunawa. A haɗa kwamfuta ɗaya da rauta ta kebul mai gigabit, a kunna manhajar auna gudu ta iperf3 da umarnin iperf3 -s a kanta. A ajiye ta biyu a kan Wi-Fi, tazarar mita 3 ba bango a tsakani, a buga iperf3 -c da adireshin ta farkon, tare da -t 30, sannan a sake da -R don a ga ɗaya ɓangaren. A maimaita sau uku a ɗauki na tsakiya, a rubuta layi da faɗinsa da gudun haɗin da kwamfutar ta nuna. Daga nan a sauya abu ɗaya tak, a sake aunawa a wuri ɗaya. In gudun haɗin ya maƙale a 54, a duba TKIP. In haɗin yana da kyau amma abin da ke wucewa kaɗan ne, a ƙirga sunaye da maƙwabtan da ke layin. In Wi-Fi ya ba da lamba mai kyau a cikin gida amma intanet na ja da baya, a kashe binciken ƙunshi da VPN ɗaya bayan ɗaya, ana duban ƙwaƙwalwar rauta.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu aikin haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta