Ƙirƙirarriyar Basira da Ladabin Yaranmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in bayyana damuwata kan yadda hulɗa da ƙirƙirarriyar basira ke shafar ladabinmu. Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke hira da mutane tana amsa tambayoyinsu, a Nuwamban 2022, mutane sun saba ba da umarni babu gaisuwa, babu "don Allah", manhajar kuma ba ta nuna ɓacin rai. Yaron da ya saba daka wa na'ura tsawa, ta amsa masa da tattausar murya, da wuya ya gane cewa kakarsa ba za ta lamunta ba. A 2018 Amazon da Google sun sa na'urorinsu masu amsa umarnin murya yaba wa yaron da ya roƙa cikin ladabi, amma a ganina wannan nauyi ne da ke wuyan iyaye.

Naka mai karatu.