Godiya ga kanikawan bakin titi a Alkaleri

Assalamu alaikum. Daga Gombe nake rubuto wannan wasiƙa zuwa ga maigidan wani garejin kanikawa da ke bakin titin Bauchi zuwa Gombe a garin Alkaleri, shi da yaransa. Na yi muku godiya baki da baki a daren Lahadin nan, amma ban ga ta wadatar ba, shi ya sa nake so jama'a ma su ji.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama hanyar Bauchi, ni da maiɗakina da yara da mahaifiyata, domin ɗaurin auren 'yar ƙanwata. Tun a masauki aka fara ɓata mana rai. Ɗakunan da na biya wa kafin alƙalami muka iske an ba wasu, wai gari ya cika da 'yan biki. Yaron da ke kan kanta ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, balle ya ba tsohuwa kujera. Kuɗina kuwa, sai manaja ya zo. Haka muka rarrabu a gidajen dangi, wasu Jahun, wasu Yelwa. Asabar ce ta wanke mana zuciya, aka ɗaura aure lafiya a masallacin Gwallaga, aka ci masar Bauchi har aka ture, Hajiya kuma ta gana da ƙawayen da rabonta da wasunsu tun kafin a cire Gombe daga jihar Bauchi a 1996.

Lahadi yara suka kafe sai an biya da su Yankari. Sun yi wanka a Wikki, ruwan nan mai ɗumi da ba ya sauka daga wajen digiri 31 rani da damina, garau har kana hango yashin ƙasa. Ba mu dace da ganin giwa ba, sai gwaggon biri da ya fizge ledar burodi daga hannun autarmu, ta yi ta kuka, yayyenta na ta dariya.

A hanyar dawowa, mun wuce Dindima kenan rana na shirin faɗuwa, sai injin ya ɗau zafi, tururi ya turnuƙe daga gaban mota. Wani bakanike da ɗan acaɓa ya ɗauko mana ya leƙa kawai ya ce gasket ya ƙone, sai an sauke kan inji, in ba da rabin kuɗi yanzu in bar motar ta kwana biyu. Ya ga baƙi da iyali, ya ga duhu na shigowa, ya yanka farashin da ya ga dama. Ga Hajiya da ciwon ƙafa, ga yara da makaranta washegari.

Wani mai shayi ne ya ce a kira ku. Maigida, ka riga ka rufe gareji kana shirin sallar magariba, amma ka zo da yaro ɗaya da fitila. Abin da ya fara kama zuciyata shi ne, kafin ka taɓa motar sai da ka je ta tagar baya ka russuna ka ce, "Inna, sannu da hanya, ku yi haƙuri." Sannan ka sa aka kai ta da maiɗakina da yara gidanka, iyalinka suka shimfiɗa musu tabarma, suka ba su ruwan alwala da tuwo. Mutanen da ba su taɓa ganinmu ba!

Ka jira injin ya huce, ka zuba ruwa, ka haska, ka kira ni ka nuna mini da yatsa. Tiyon lagireto ne ya tsage ta ƙasa, ruwa ya tsiyaye. Ka ce, "Alhaji, injinka lafiya lau, tunda ka tsaya da wuri." Yaronka ya je ya taso mai shagon kayan gyara, aka sa sabon tiyo, ka miƙo mini tsohon da takardar kuɗin da aka saya. Kuɗin aikin da ka faɗa sai da na sake tambaya, don na zaci ban ji daidai ba. Da na ƙara wani abu, ka ce in ba yaron.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda irin wannan hali ya zama abin mamaki a hanyoyinmu. Mota ta lalace wa matafiyi, wasu sai su ga kasuwa ta buɗe. A cire maka kaya mai kyau a sa na jabu, a ce maka sabo ne. A karɓi kuɗin gyara a bar motarka ta yi ƙura, kullum "gobe ka dawo". Masu masauki ma haka, da zarar lokacin bukukuwa ya zo, alkawari ya tashi. Har yau ina bin waɗancan kuɗin ɗakina.

Mun iso Gombe lafiya bayan isha'i, motar ba ta sake ɗaukar zafi ba. Hajiya ta ce in gaishe da maiɗakinka da kyau. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya raya muku zuri'a.

Naku, wani magidanci daga Tudun Wada, Gombe.