Sanarwa: Tafiyar Tiga Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tafiyar Tiga na nan ranar Asabar, in Allah ya yarda. Bas za ta tashi daga Ƙofar Nassarawa ƙarfe 7:00 na safe, kuma wannan karon ba jiran kowa.

Za mu bi titin Zariya, mu tsaya a Kadawa mu ga fadamun tumatir da alkama da ke shan ruwan dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. Bayan Azahar akwai shinkafa da miya da soyayyen kifin Tiga a bakin ruwa. Masu zuwa da yara, don Allah a riƙe su, wurin da zurfi.

A miƙa wa ma'aji kuɗin mota kafin Alhamis.