Zuwa ga Bala, daga Gilasgo

Assalamu alaikum Bala,

Ya gida, ya jikin Hajiya? Sadiƙu ya tsegunta mini cewa kana ta yaɗawa wai tun da na sha ruwan Turai na manta da ku. To ga ni, sai ka nemi wani abin faɗa. Batun filin nan na bayan gidan su Kawu ne ma ya sa na zauna rubutu, amma bari in fara sauke abin da ke cikina tun daren jiya.

Kallon makaɗa na je. Kada wannan ya kai kunnen Baffa. Wani ɗan ajinmu, haifaffen garin nan, shi ya ja ni wani wuri a titin St Vincent da ake kira King Tut's Wah Wah Hut. Tun 1990 aka buɗe shi, kuma mutum 300 kacal yake ɗauka. Ƙasa mashaya ce, dandalin yana sama, an rubuta sunayen waɗanda suka taɓa wasa a wurin a jikin matakala. Mutumin nawa sai da ya tsayar da ni yana ba ni labarin yadda wani mai kamfanin faifai ya ga wasu makaɗan Ingila da ake kira Oasis a nan a 1993 ya ɗauke su. Na yi ta gyaɗa kai kamar na san su. Kafin ka tambaya, lemon Irn-Bru na riƙe har aka tashi.

Makaɗan da muka kalla jiya su biyar ne, ba wani babban kamfani a bayansu. Jita biyu, ɗaya ta katako ɗaya ta lantarki, sai ganguna, sai wata yarinya mai gogen Turawa, sai wani dogo mai banjo. A hankali suke farawa, muryoyi uku a haɗe kowace da nata hawan, sai can mai ganga ya shigo, daɓen katakon ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne jama'a. In waƙa ta yi sanyi, tsit kake ji, har wani ya juyo ya harare ni don na yi tari. Babu liƙi, babu kirari, ba a kama sunan kowane attajiri ba. Ɗaya waƙar a kan tsibirin su mawaƙin ce da samari suka watse suka bar tsofaffi, ɗaya a kan kuɗin haya.

Da dogon nan ya saki banjo shi kaɗai, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don gurmi na ji. Ashe da dalili. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera shi a tsibiran Karebiyan, da duma da fata da sanda, kafin Amurka ta mai da shi na katako da ƙarfe. Masana suna danganta shi da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, da ire-iren molo da gurminmu. Har yau fata ko madadinta ce a fuskarsa, ga kuma gajeriyar tsirkiya da ake bugawa da babban yatsa. Na so in ce musu marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak ya riƙe ƙasa guda har ya rasu a 2015, amma wa zai ji ni a hayaniyar tafi.

Af, wai da gaske Ɗanlami ya sake fasa auren? Uwar yarinyar ba ta ci shi ɗanye ba?

Da aka tashi, su da kansu suka tsaya a bayan tebur suna sayar da riguna da faifan garmaho. Na ɗan zanta da mai gangar. Ma'aikacin jinya ne, hutu ya ɗauka. Ya ce abin da saurare ta intanet ke kawo musu ko man mota ba ya saya, rigunan nan ne ke biyan hanya. Suka loda kayansu a tsohuwar motar ɗaukar kaya, a daren suka nufi Mancasta.

To kai nake nufi, Malam. Gurminka yana ƙarƙashin gado tun da muka bar Samaru, don Baffa ya ce roƙo ne. Waɗannan ba su roƙi kowa ba, ba su yabi kowa ba, aikinsu na rana yana nan, kuma an cika ɗaki don a ji su. Waƙar da ka yi mana lokacin dogon yajin aikin nan, wadda ta sa mai shayi ya yafe mana bashi, ta fi rabin abin da na ji jiya. Muryarka dai sai haƙuri, wannan kam ba ni da yadda zan yi. Ka sa sabuwar tsirkiya, ka shiga ɗaki in yara sun yi barci, ka naɗa da waya ka turo mini ta WhatsApp. Na riga na cika baki a gaban mai banjo, ya ba ni adireshinsa, kada ka kunyata ni.

Sanyi ya kankama. Yanzu kafin ƙarfe huɗu an yi Magariba, La'asar kuwa in ka tsaya shan shayi ta wuce ka. In Sadiƙu zai taho a watan gobe, ka haɗo shi da yaji da kuka da daddawa. Ban da kilishi, ba a shigowa da nama ƙasar nan, kada a tsare mini shi a filin jirgi yana rantse-rantse.

Ka gaida Hajiya da su Ummi.

Naka,
Habu