Ɗana, kafin ka amince da alƙaluman da ke hannunka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na ga saƙonka cewa ka tsayar da shawarar yin bincikenka a kan zaɓe da ra'ayin jama'a ta hanyar ƙididdiga. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Tunda ka nemi shawarata, ga abin da ke raina.

Kada yawan waɗanda ka tambaya ya ruɗe ka. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika da takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, sai ta bugi ƙirji ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota ta kwaso su, wato galibi masu hali, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, kuma masu jin haushin Roosevelt sun fi zumuɗin mayar da amsa. George Gallup kuwa, wani mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane kimanin dubu 50, ya hango mai nasara. Kada ka ce ai wannan tsohon zance ne. A 2016 ma ƙuri'un jin ra'ayi da dama a jihohin Wisconsin da Michigan da Pennsylvania na Amurka sun cika da masu digiri, ba a daidaita lissafin ba, aka raina ƙarfin Trump.

Malamanku za su ce maka mutum dubu sun isa, kuskuren bai wuce kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. Haka ne, in a makance aka zaɓo su, ba da sonka ba. Amma wannan lissafin bai san da wanda ya kashe maka waya ba. Bai san da wanda ya dubi rigarka da takardar hannunka, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya faɗi abin da yake zaton kana son ji ba. Mutane da yawa ma kan ce sun yi zaɓe alhali ba su leƙa rumfa ba, kunya ce kawai.

Don haka ka rubuta yadda ka zaɓo mutanenka, da adadin waɗanda suka ƙi magana, a inda mai karatu zai gani. In ɗan siyasa ya ɗauki nauyin aikin, ka faɗa. In ka gama tsara tambayoyin ka turo mini, ina son in ga ko akwai wadda ke jan mutum zuwa amsa.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka