Gajiya ce ta kayar da North Carolina, ba tsoro ba

Assalamu alaikum Edita, barka da shan ruwa.

Wallahi shirin wasanninku na jiya ya ɓata min rai. Wai mai sharhinku ya buɗe baki ya ce yaran North Carolina tsorata suka yi bayan hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta 2022 da Kansas ta doke su, wai ba su da zuciya. Haba malam! Yaran da suka fitar da Duke 81 da 77 kwana biyu kafin nan, su ne marasa zuciya? Ni fa ban yi barci ba a daren nan, tun wajen ƙarfe biyu nake zaune ina kallo a waya har aka tashe mu sahur, data ta ta tafi amma na ga komai da idona.

An tafi hutu suna da 40 Kansas na da 25, aka dawo Kansas ta zuba 47 su kuma 29 kacal, aka tashi 72 da 69. Ƙafa ce ta mutu. Kocin North Carolina Hubert Davis mutum biyar ya riƙa mora tun farkon gasar kamar ba shi da benci, ga ɗan wasansu Armando Bacot yana ɗingishi da targaɗen da ya samu a wasan Duke, ga Puff Johnson da aka sako daga benci har amai sai da ya yi a cikin fili, to me kuke so su yi? Caleb Love ya jefa 24, biyar ne kawai suka shiga.

Na san abin nan don na buga ƙwallon kwando muna makaranta, mu bakwai ne kaf, wani lokacin ma shida idan ɗaya yana da jarabawa. Minti ashirin na farko ba mai taɓa mu, sai an dawo hutu ka ji cinyoyinka kamar an ɗaura musu buhun siminti, ka jefa ƙwallon da kullum kake ci ta daki bakin ƙarfen gaba ta dawo, saboda jifan daga ƙafa yake tasowa ba daga hannu ba. Daga nan ba ka iya bin mutuminka sai dai ka riƙo rigarsa, alƙali ya busa, kafin ka ankara kana da fawul huɗu kana lallaɓawa kar a kore ka a na biyar. Akwai ranar da muka ba wata makaranta ratar 18 suka zo suka wuce mu muna kallo, kocinmu yana ta ihu wai mu tashi, da wace ƙafar? Har yau idan na tuna sai na ji haushi, don washegari haka aka yi ta ce mana ragwaye a hostel.

Sannan don Allah ku gyara lambar wayar nan taku. Sau shida ina kira in faɗi wannan maganar kai tsaye, kullum a cike take, amma da an zo kan Arsenal da Man U sai ku ba mutum ɗaya minti biyar yana surutu. Ko Ochai Agbaji na Kansas da aka ba gwarzon gasar, wanda babansa ɗan Najeriya ne, ba ku ambaci sunansa ba.

Naku mai sauraro,
daga Sabon Gari, Zariya